Ni da Inabin Maƙwabcina: Kundin Kakar Bana a Castelvetro

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Shekara huɗu ke nan muna haya a wannan gida da ke gefen Castelvetro, kudu da birnin Modena a Italiya. Duk kaka sai wani wari mai tsami-tsami ya taso daga ɗakin ƙasa na maƙwabcinmu ya cika farfajiya. Na san giya ake haɗawa, ni kuwa Musulmi ne, don haka iyakata da shi gaisuwa. Tsohon ya haura tamanin. Kowa a layinmu Nonno yake ce masa, wato kaka, matarsa kuma Nonna. Ranar da yarana suka fara jin sunan sai da suka riƙe ciki don dariya, su nonon fura suka sani.

Yau da na dawo daga aikin safe a masana'antar tayil, sai ya tare ni a bakin ƙofa da faranti: gutsuren cukun Parmigiano, an ɗiga masa wani baƙin abu mai kauri. Ya ga na ja baya. Ya ce, "Yaro, ci. Babu giya a ciki ko ɗigo. Saba ce, ruwan inabi ne aka dafa." Na lasa, sai ga ni a Maƙarfi ina ɗan shekara tara, a tsaye kusa da kaskon masu mazarƙwaila, doki yana zagaya injin matsar rake. Zaƙi iri ɗaya, ƙamshin wuta iri ɗaya, sai dai wannan da ɗan tsami a ƙarshen harshe. Na ce ya koya mini. Ya ce sai dai Nonna, shi nasa fannin daban.

Juma'a, 13 ga Satumba

Bayan an sauko daga masallaci na tsaya wurin liman, mutumin Maroko ne, Malikiyya kamar mu. Na ce, "Malam, ruwan inabin da aka dafa kafin ya fara tsima, mene ne hukuncinsa?" Ya yi murmushi ya ce tambayar ta girmi kakannina. Ya ba ni labarin da ke cikin Muwaɗɗa: da Sayyidina Umar ya je Sham, mutanen wurin sun dafa masa ruwan inabi har kashi biyu cikin uku ya ƙone, ya tsoma yatsa ya ɗaga, abin yana biyo yatsan don kauri, ya kamanta shi da kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya kuma ba su izinin sha. Ma'aunin ke nan: biyu su tafi, ɗaya ya rage.

Amma ya ja kunnena a kan abu guda. Ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka sa hannu a tsinka ko matsar inabin da ka san giya za a yi da shi. Mai matsawa da mai ɗauka duk an ambace su a hadisi. Ka sayi naka, ka yi aikinka."

Asabar, 14 ga Satumba

Faɗa wa Nonno wannan sharaɗi bai zo da sauƙi ba. A nan ranar tsinkar inabi kamar gayya ce a wurinmu: 'ya'ya da jikoki da maƙwabta su taru, a yi aiki, a ci abinci tebur ɗaya. Ya riga ya sa ni a lissafi. Da na yi masa bayani sai ya yi shiru yana karkaɗe hularsa. Nonna ce ta raba gardama. Ta ce layi biyu na farin inabin Trebbiano da ke ƙasan gona dama ba ya shiga giyarsa, ita take dafawa, bana kuma bayanta ba zai iya ba. A sayar mini, in tsinka da iyalina, ta tsaya a kaina.

Kuɗin da na fitar yau: inabi Yuro 60 a kan kimanin kilo 120, tsohuwar tukunyar ƙarfe mai cin lita 50 Yuro 45, tukunyar gas Yuro 38, ma'aunin zafi Yuro 12. Murhun gas ɗin aro ne.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ruwa ba ƙaƙƙautawa tun shekaranjiya. Can gabas wajen Faenza ambaliya ce sosai, Allah ya kyauta. Mu nan laka kawai. Nonno sai zagaya gona yake da laima, ya ce ruwa a wannan lokaci yana kumbura 'ya'yan, ya tsinka zaƙinsu, ya kawo ruɓa.

Asabar, 21 ga Satumba

Mun tsinka, ni da uwargida da babban yaronmu. Nonna ta nuna mana yadda ake tallafe nonon inabin da hannun hagu a datse da almakashi, a kuma cire duk ƙwayar da ta yi furfurar ruɓa, don ƙwaya ɗaya kan ɓata ɗanɗanon tukunya. Aka zuba a injin murƙushewa na hannu, daga nan zuwa matsa mai katako da suke kira torchio. Na wanke su da ruwan zafi da kaina kafin mu fara. Mun sami lita 80.

Nonno ya jefa wani ɗan ma'aunin gilashi mai iyo a cikin ruwan, sunansa Babo, ya tsaya a kan 17. Ma'anarsa kusan giram 17 na sukari a kowane giram 100. Ya ce ba yabo ba fallasa, ruwan sama ya ci nasa rabo.

A nan na tafka kuskuren da sai daga baya na gane. Tukunyata ba ta ɗaukar fiye da lita 40 in ana son wurin kumfa. Na zuba rabi a ciki, ɗaya rabin na juye a jarkoki biyu na ajiye a gareji, da niyyar dafawa cikin mako.

Lahadi, 22 ga Satumba

Tukunyar farko ta ƙone.

Nonna ta ce mini wuta ƙasa-ƙasa, ruwan ya riƙa rawa kawai, kada ya tafasa yana tsalle, zafi ya tsaya tsakanin 85 da 90. Ta ce aikin yini ne da ɗan dare. Na kunna da ƙarfe shida na safe, na bi umarni har la'asar, ina kwashe kumfa da ludayi. Amma ina da aikin dare da ƙarfe goma, kuma da na duba sai na ga ko rabi bai ragu ba. Na murɗa wuta. Da farko kamar na yi dabara, tururi na tashi, ruwan na sauka. Na shiga yin sallar magariba, na tsaya cin tuwo, ina fitowa ƙauri ya mare ni tun daga ƙofa. Ƙasan tukunya ya yi baƙin ƙanzo mai kaurin yatsa, ɗacin kuma ya ratsa ko'ina. Na tace, na ƙara ruwa, na ɗanɗana, kamar a lashi gawayi da zuma.

Abin haushi, na san wannan tun ina yaro. Masu mazarƙwaila ba sa barin bakin kasko idan ruwan rake ya fara kauri, don a lokacin ne sukari ke kamawa cikin ƙiftawar ido. Uwargida ba ta ce komai ba sai, "Maigida, sauri kan haifi nawa," ta miƙo mini soson ƙarfe. Kwana biyu ina kankara.

Laraba, 25 ga Satumba

Na shiga gareji da yamma don ɗauko jarkokin, sai na ji wani sautin tsit-tsit. Jarka ɗaya ta kumbura ta yi ciki kamar kwaɗo. Ina sassauta murfi kumfa ta yi tsartuwa har rigata, ga warin nan da na sani na ɗakin ƙasan Nonno.

Na kira shi. Ya shinshina, ya ɗiga a harshe, ya ce, "Ya tashi." Ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun farko. A jikin fatar inabi da kayan aiki akwai yis na halitta wanda ido ba ya gani. Da zarar an fasa ƙwayar ya haɗu da sukari, sai ya fara ci, yana fitar da abu biyu: barasa da iskar da ke kumbura jarka. Ba sai an zuba komai ba, ba sai an yi niyya ba. Garejina kuma a nan tukunyar ɗumama gida take, wato na ajiye masa ɗumin da yake so. Kwana huɗu sun ishe shi.

Ya ce in bar masa, zai haɗa da nasa, ya biya ni kuɗina. Na ce ba zan iya sayarwa ba, ba zan iya bayarwa ba. Na ɗauki jarkokin na tuttule a kan juji a bayan gona. Yana tsaye yana kallo, hannu a ka. Mutumin da aka haifa lokacin yaƙi, wanda ko ɓawon burodi ba ya yarwa, ya ga an zubar da lita 40. Bai yi mini magana ba har washegari. Ni ma raina bai yi daɗi ba, don ba laifin inabin ba ne, ba na tsoho ba, sakacina ne. Kilo 120 sun tafi, ban da ko cokali ɗaya na saba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Nonna ta aiko jikarta da kwano: ruwan inabi da aka dama da fulawa ya daskare, suna ce masa sughi, kamar kafaffen kamu. Saƙon da ke tare da shi: jan inabi zai nuna mako mai zuwa, a wannan karon a matsa da safe a ɗora a wuta kafin azahar.

Asabar, 5 ga Oktoba

Alhamdu lillahi.

Kilo 60 na Lambrusco Grasparossa, Yuro 35. Shi ne inabin da Castelvetro ke taƙama da shi, sandar nononsa ja ce, ganyensa ma ja yake komawa a kaka har tuddan su zama kamar an shanya barkono. Na ɗauki hutun kwana biyu don kada agogo ya sake ruɗa ni. Mun matsa da bakwai, lita 40 cif, Babo ya nuna 19, kafin tara yana kan wuta.

Dabaru biyu na koya daga Nonna. Ta ɗauko sanda mai tsafta ta tsoma, ta yi tsaga a inda ruwa ya tsaya, ta raba tsawon gida uku, ta ce ba a sauke tukunya sai ruwa ya sauko tsagar ƙasa. Na ce mata limaminmu ma haka ya ce, kuma hukuncin ya fi shekara dubu da ɗari uku. Ta ce to malaminku ya iya girki. Ta biyu, ta jefa gyaɗar goro irin tasu, wadda suke kira noci, guda shida da ɓawonsu a cikin tukunya. Suna ta birgima a ƙasa suna ƙwanƙwasa ƙarfe, wai suna hana kamu. Ko suna hanawa ko ba sa hanawa, ƙarar tasu tana gaya maka ƙarfin wutar ko kana nesa: in ta yi yawa ka rage.

Awa goma sha biyar. Awa ukun ƙarshe ban tashi daga kujera ba, muciya a hannu. Da sha biyun dare ta ɗiga a faranti mai sanyi ta karkata, ɗigon ya gangara a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Ta ce a kashe. Lita 13. Mun ɗura a kwalabe da zafinsa, muka sake tafasa kwalaben cikin ruwa. Kwalabe Yuro 22, tukunyar gas ta biyu Yuro 38.

Talata, 8 ga Oktoba

Nonno ya huce. Ya ce in sauko in ga nasa aikin, kallo ba aiki ba ne. Na sauka, hannuna a aljihu.

Kafin mu shiga ya kunna kyandir ya riƙe shi ƙasa daidai gwiwa. Iskar nan da ta kumbura jarkata ta fi iskar shaƙa nauyi, takan kwanta a ƙasan ɗaki, ba launi, kuma ta sha kashe mutane a ɗakunan ƙasa. In kyandir ya mutu, ka fita. Babbar gangarsa tana gurnani kamar tukunyar tuwo. Fatun inabin sun taso sama sun yi tauri, suna kiran wannan hula, kuma safe da yamma yana danna ta ƙasa da sanda, don daga fatar launi ke fita, in kuma ta bushe a sama sai ta yi tsami. Bayan 'yan kwanaki zai tace ya juye a manyan tulunan gilashi masu cin lita 54, ya toshe su da wani murfi mai ruwa wanda iska ke fita ta cikinsa amma ba ta shiga.

Na tambayi dalilin tsoron iska haka. Ya ce iska ce ke mai da giya khal. Akwai wasu ƙwayoyin halittar, ba yis ba, masu cin barasa su mai da ita tsami, amma sai da iska suke aiki. Duk rayuwarsa yaƙi yake da su. Ya dube ni ya yi dariya: "Kai kuwa abokan gabana ne abokanka."

Asabar, 12 ga Oktoba

Mun je Spilamberto da yara, gidan tarihin khal ɗin balsamiko na gargajiya. A garin ne ƙungiyar masu wannan sana'a take, kuma duk Yuni suna gasar wanda nasa ya fi. Asalinsa dafaffen ruwan inabi ne, irin wanda na yi, sai dai ba a kai shi kaurin saba. Ba a kiransa na gargajiya sai ya shekara 12, wanda ake ce wa tsoho sosai kuma 25, a kwalba 'yar lita ɗaya bisa goma ake sayar da shi.

Da muka dawo na ba Nonna labari, sai ta ce in biyo ta. Ashe a saman rufin gidansu akwai ganguna biyar a jere, daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin katakonta, bakinsu a buɗe an rufe da farin ƙyalle. A ƙarƙashin rufi ake ajiye su da gangan, zafin bazara ya sa su aiki ya ƙafar da ruwa, sanyin hunturu ya kwantar da su su tace. Sau ɗaya a shekara ake ɗiban kaɗan daga ƙaramar, a cike ta daga ta kusa da ita, haka har babbar, ita kuma a ba ta sabon dafaffe. Mahaifinta ne ya kafa su, ta zo da su gidan miji cikin kayan aurenta, kamar yadda namu ke zuwa da jeren kwalla da tasoshi. Ta ɗiga mini ɗigo ɗaya a bayan hannu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu. Na daɗe ina jin ɗanɗanon a maƙogwaro.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ruwa ya sake ɓarna, a wannan karon Bologna. Muna gida.

Ranar Juma'a na koma wa liman da maganar khal. Ya ce khal kansa halal ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Saɓanin malamai a kan mutum ya ajiye giya da gangan ne don ya mai da ita khal. Hanyar da ta fi kwanciyar rai, in ji shi, a zuba ruwan inabi a kan khal mai ƙarfi tun farko, yadda ba zai taɓa tsayawa a matsayin abin sha mai bugarwa ba.

Haka na yi. Tulun gilashi mai famfo Yuro 25. Lita ɗaya ta saba, lita uku na ruwa, lita biyu na ɗanyen khal daga wurin Nonna, da wani yanki mai santsi kamar hanta da suke kira uwa. Na ɗaure baki da ƙyalle.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ƙananan ƙudajen nan masu jan ido sun sami ƙofa. Ƙyallen da na sa na tatar koko ne, saƙarsa da faɗi, kuma akwai 'yar huda a gefe. Na tarar da su sun fi talatin a ciki, da tsutsa a jikin gilashi sama da ruwa. Na so zubarwa. Nonna ta hana, ta ce na zubar da abin da ya isa bana. Muka tace ta auduga, muka wanke tulu da tafasasshen ruwa, muka ɗauraye uwar da khal, aka mayar. Yanzu tsohon hankici ne ninki biyu da roba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ranar San Martino, wani waliyyin Kiristoci. Suna da karin magana cewa a wannan rana kowane ruwan inabi ya zama giya, don haka ake buɗe sabuwa a ɗanɗana da gasasshen ƙwallon kastanya. Sun gayyace mu. Mun je da wuri, kafin a zauna teburin sha, muka kai musu masa da kwalbar sabata. Nonno ya tsoma masa a ciki ya cinye uku. Ya ce nawa ruwan inabin ne kaɗai a layin nan da ya ƙi bin maganar waliyyi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Khal ya tsaya cik. Zaƙi na nan yadda yake, tsami bai ƙaru ba, uwar ta nutse ƙasa. Gareji ya sauko digiri 12 da dare, su kuwa ƙwayoyin sun fi son 25 zuwa 30. Wani abokin aikina da ya karanta kimiyyar abinci ya ƙara mini da cewa tsamin da na zuba tun farko yana danne yis, kuma in yis bai samar da 'yar barasa ba, masu yin tsami ba su da abin ci. Wato hanyar da na zaɓa tafiyar hawainiya ce, dole. Na yarda da hakan.

Na dawo da tulun bayan ƙofar kicin kusa da bututun ɗumi. Uwargida ta ba shi wa'adin wata ɗaya.

Kwalbar saba ɗaya ta yi tsit da na buɗe, murfinta bai kama ba. Na zubar da ita, na sake tafasa sauran. Tukunyar gas ta uku, Yuro 38.

Asabar, 14 ga Disamba

Wata siririyar fata ta shimfiɗu a saman ruwan, fara-fara, mai santsi, ba gashi. Na ɗauka fumfuna ce, na kira Nonna a guje. Ta haska da tocila ta ce sabuwar uwa ce, kada in girgiza.

Jimillar kuɗi zuwa yau Yuro 313. Saba lita 13, an cire ta khal da wadda ta lalace da ta kyauta, saura lita 8. Uwargida ta lissafa ta ce da zumar kanti muka saya da mun sami canji. Amma ita ce ke zuba ta a kunun gyaɗa kowace safiya.

Asabar, 28 ga Disamba

Na yi waya da ƙanena. Ya ce manoman inabi a Kudan kan rasa yadda za su yi da wanda ya fashe ko ya nuna da yawa kafin mota ta zo. Na tura masa hoton sandar Nonna mai tsaga uku, na ce ya nemi mai kaskon mazarƙwaila su gwada da kwando ɗaya, da sharaɗin a ɗora a wuta ranar da aka matsa.

Na baɗi: tukunya ta biyu, ko in matsa rabi-rabi a Asabar biyu. In nemi hutu tun Agusta. Na tambayi farashin ƙananan ganguna, jeri guda ya fi albashina na wata, sai dai in fara da ɗaya. 'Yata shekararta shida, in aka kafa baɗi za ta kai goma sha tara kafin a ɗebi na farko.

Nonna ta ce in zo a Fabrairu ranar cike ganguna, don Nonno ba ya iya hawa tsani kuma. Wa'adin tulun kicin ya cika tun ranar Litinin, har yanzu ba wanda ya tayar da maganar.